Littafi ɗaya na zaɓa, uku aka karanta

A cikin 'yan tsirarun da muke karanta ƙagaggun labaran kimiyya tare, ni ake wa kallon gwanin saibafank, wato labaran nan na manyan birane masu duhu inda kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi, na'ura ta kai ƙololuwa, talaka kuma yana nan inda aka bar shi. Don haka da zagaye ya zo kaina na zaɓar mana littafin wata, ban yi dogon tunani ba. Na ce Neuromancer na William Gibson, wanda ya fito a 1984 ya kwashe manyan kyaututtuka uku na wannan fanni: Hugo da Nebula da ta Philip K. Dick. Babi 24 ne, bai kai shafi 300 ba a ƙaramin bugu. Na rubuta wa kowa sunan littafi da na marubuci da shekara. Na ƙara da gargaɗi cewa shi ne na farko a jerin littattafai uku, kada wanda ya taɓa Count Zero na 1986 ko Mona Lisa Overdrive na 1988 sai ya gama wannan. Ko takardar likita ba ta kai wannan bayani dalla-dalla ba.

Na kuma ba su ƙa'idar shafi 50, domin Gibson ba ya riƙe hannun mai karatu. Jefa ka yake yi tsakiyar birnin Chiba na ƙasar Jafan, mutane na ta zuba zaurancen da shi kansa ya ƙirƙiro, babu mai tsayawa ya yi maka fassara. Dabarar ita ce kada ka tsaya. Kalmar da ta shige maka duhu, wuce ta, kafin ta sake fitowa sau biyu ko uku za ta bayyana kanta daga yadda ake amfani da ita. In ka kai shafi 50 har yanzu ba ka damu da abin da zai sami jarumin ba, ajiye littafin, ba naka ba ne. Ƙashin labarin kuwa ba shi da wuya. Case ɗan kutse ne da ya saci kayan iyayen gidansa, suka lalata masa jijiyoyi da guba yadda ba zai ƙara jona ƙwaƙwalwarsa da duniyar cikin kwamfuta ba. Sai wani mai suna Armitage ya biya aka gyara shi, amma ya sa aka dasa masa ƙunshin wata guba a jiki wadda za ta narke in bai gama aikin da aka ɗauke shi ba. Mai tsaronsa Molly ce, mai gilashin madubi da aka ɗinke mata a kan idanu da 'yan wuƙaƙe a ƙarƙashin farce.

Ƙanena ne ya fara bugo waya.

"Yaya, ni fa ban gane ba. Littafin ya buɗe da rana mai kyau, sama garau, amma kowa a ciki ransa a ɓace."

Sai da na yi jim kafin na gano inda aka samu tangarɗa. Jimlar farko ta littafin ta kwatanta launin sama da na talabijin da aka murɗa zuwa tashar da babu komai. A 1984 wannan na nufin toka-toka mai tsaki-tsaki da ƙugi, launi marar daɗin gani. Ƙanena kuwa bai taɓa ganin irin wancan akwatin ba. Talabijin ɗin da ya tashi ya tarar shuɗi yake nunawa fes in babu tasha. Marubuci ya zana sama mai ƙunci, shi ya karanta sama mai annuri, kuma a kan wannan ya gina babi biyu.

Ban gama warware wannan ba ya sake kira, yana dariya har da tari.

"Yaya, don Allah, a kan megabait uku yarinyar nan ta ci amanarsa? Hoto ɗaya a wayata ya fi haka nauyi."

Gaskiyarsa. Akwai megabait uku na RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a farkon labarin da ake ɗauka tamkar dukiya, har budurwar Case ta sace masa su. Na bayyana masa cewa da tafireta Gibson ya rubuta littafin, ba da kwamfuta ba, kuma shafukan intanet irin waɗanda muka sani sai a 1991 suka fito fili. Ya ce to ina wayar salula? Babu. Mutanen da ke zuwa sararin samaniya shaƙatawa, in ana nemansu sai wayar tarho ta jama'a ta yi ƙara. A ganina ma wannan gurin ya fi ko'ina tayar da tsigar jiki: a Istambul, Case yana wucewa gaban jerin wayoyin, kowace na ƙara sau ɗaya daidai lokacin da ya zo kusa da ita. Da salula ce a aljihunsa da duk armashin ya tafi. Ƙanena ya ce shi dai da ya kashe ta ya huta.

Ranar tattaunawa ta zo, kowa ya ce ya gama, abin da ba a saba ji ba. Babbanmu, wanda muke ce wa Malam, shi ya buɗe. Ya ce abin da ya fi burge shi shi ne yadda aka siffanta Landan, hayaƙinta da cunkosonta. Malama, wadda ke koyar da lissafi, ta gyaɗa kai da ƙarfi ta ce wallahi ita ma, musamman yadda birnin ya bayyana a idon baƙo. Ni ina zaune ina lissafi a zuci: Chiba, sannan dogon birnin nan da ya haɗe gabar gabashin Amurka daga Boston zuwa Atlanta, sannan Istambul, sannan sararin samaniya. A ina aka yada zango a Landan? Amma gwani ba ya saurin nuna ruɗewa, sai na ce, "Ƙwarai kuwa."

Na jawo maganar mai gilashin madubi don in dawo da mu hanya. Malama ta ce ai matar nan ta yi, ita ce ta riƙe labarin. Hankalina ya kwanta. Sai ta ƙara da cewa yadda Sally ta kula da 'yar Jafan ɗin nan abin a yaba ne. Ƙanena ya ce wace Sally? Malam ya ce shi bai tuna wata mai madubi ba, amma batun katunan da ake hudawa a zura wa inji ya ɗauke masa hankali. Wani ya ce ai katin ƙwaƙwalwa yake nufi, aka ci gaba. Mun yi nisa sosai a haka, kowa na yabon abin da ɗan'uwansa bai gani ba, har Malam ya ce shi abu ɗaya ne bai gamsu da shi ba, yadda aka yi mawaƙi Lord Byron ya zama firaminista.

Aka yi tsit.

"Malam, ranka ya daɗe, ɗaga mana littafin mu gani."

The Difference Engine ne, na 1990, wanda Gibson ya rubuta tare da Bruce Sterling. Labarin Landan ne a 1855, inda injin lissafin Charles Babbage ya yi aiki, kwamfutoci na tafiya da tururi da ƙafafun ƙarfe. Wannan wani reshe ne daban, na zamanin tururi. Malam ya ce ya nemi sunan marubucin, ya ga wannan da sunaye biyu a bango, ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Malama kuwa Mona Lisa Overdrive ta karanta. Ta ga shekaru uku a saƙona, 1984 da 1986 da 1988, ta ɗauki na ƙarshe bisa hujjar cewa a littattafan makaranta sabon bugu shi ne wanda aka gyara kurakurai. Sally ɗinta Molly ce da ta sake suna bayan shekaru, kuma a nan ma akwai Landan, inda aka tura 'yar wani uban 'yan daban Jafan don ta tsira. Shi ya sa su biyun suka yi ta tabbatar wa juna magana.

Hukuncin da taro ya yanke shi ne laifina ne, tunda da ban ambaci sauran littattafan ba da ba a san da su ba.

A nan akwai abin lura ga duk mai zaɓe. Bangon littattafan wannan fanni ba kullum yake faɗin na nawa ne a jeri ba. Buɗe shafin haƙƙin mallaka ka duba shekarar bugun farko, ba ta bugun da ke hannunka ba, sannan ka duba jerin ayyukan marubucin da ake sawa a gaba. Kuma sunan marubuci kaɗai ba ya wadatarwa: Sterling ne ya tattara Mirrorshades a 1986, kundin da ake ɗauka tutar saibafank, amma ba duk abin da ke ɗauke da sunansa ne saibafank ba.

Saura sharhi, wanda shi ma a wuyana yake. Tsarina ba ya canzawa. Sakin layi na farko ya faɗi wane irin mai karatu littafin zai yi wa daɗi. Na biyu ya ba da labari, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na littafin. Sannan gargaɗi a fili kan zubar da jini da ƙwaya da batsa, domin wannan fanni ba ya rowar su, kuma wanda ka tura bai shirya ba kai zai riƙe a zuciya, ba marubucin ba. Sannan abin da na fi ba muhimmanci, wanda yawancin masu sharhi ke tsallakewa: yaya littafin ke bi da mai karatu? Yana bayani ko yana barin ka ka lalubo? Ido ɗaya ake bi ko ana tsalle daga wannan mutum zuwa wancan? Wannan ne ke sa a gama littafi ko a jefar, ba kyaututtukan da ya ci ba. Ƙididdige abin da marubuci ya hango daidai da wanda ya kuskure kuwa, jimla ɗaya ta isa. Ƙagaggen labari ba hasashen yanayi ba ne.

Wahalar Neuromancer ita ce duk daɗinsa na rataye a kan tambayar wane ne ke juya Armitage. Na rubuta, na goge, na kewaye sunan ta kowace fuska. Ƙanena ya karanta ya ce, "Yaya, wannan ai ba ka ce komai ba." Na ƙara jimla ɗaya. Malama, wadda yanzu ta koma ta fara daga na farko, ta ce na ɓata mata labari, alhali ta riga ta karanta ƙarshen jerin gaba ɗaya.

Taurari ne suka ƙarasa ni. Ƙanena ya ba da biyu saboda babu salula. Malama ta ba da huɗu ga littafi na uku. Malam ya ba da biyar ga na tururi, ya kuma nace a haɗa da nasa a lissafi tunda marubucin ɗaya ne, ko aƙalla rabinsa. Tun daga nan na raba maki gida biyu, ɗaya na duniyar da aka gina, ɗaya na tafiyar labari, saboda a saibafank sau da yawa na farko kan yi wa na biyu nisa. Wanda bai gama ba kuma ya rubuta shafin da ya tsaya. Tauraro ɗaya daga wanda ya ajiye a shafi 12 ba daidai yake da na wanda ya kai ƙarshe ba.

Da zan yi wa kowannensu zaɓe shi kaɗai, da ba Gibson zan fara ba su ba. Mai son zare guda da zai riƙe, Altered Carbon na Richard Morgan, na 2002, ya fi masa: ana adana hankalin mutum a wata 'yar na'ura a ƙeya, ana sauya jiki, sai wani attajiri ya ɗauki Takeshi Kovacs ya binciko wanda ya kashe shi. Labarin bincike ne sak, sai dai jini da batsa sun yi yawa, dole a faɗa. Mai son birnin da ba na Amurka ko Jafan ba, akwai When Gravity Fails na George Alec Effinger, a wata unguwa ta birnin Larabawa inda ake cusa wa kai 'yar na'ura a ari halin wani ko a iya harshen da ba a koya ba, akwai kuma Moxyland na Lauren Beukes, na 2008, a Cape Town. Synners na Pat Cadigan, na 1991, ya ci kyautar Arthur C. Clarke kuma ya cancanta, amma mutanen cikinsa na da yawa, sai mai haƙuri.

Tarar da aka ci ni ita ce in sake zaɓe. Na ɗauko Snow Crash na Neal Stephenson, na 1992, don dalili biyu: ba shi da wa ba shi da ƙane, kuma yana da ban dariya, har jarumin ma sunansa Hiro Protagonist. Ya haura shafi 400, amma farkonsa gudu yake, mai kai saƙo ne a mota yana tsere da agogo a Los Angeles. A wannan karon ban ambaci sunan ko wane littafi ba bayan shi, na tura hoton bango gaba da baya. Abin da na bari sai sun isa shi ne tsakiyarsa, inda gudu ke tsayawa cak, jarumi ya zauna da wani ma'aikacin laburare na cikin kwamfuta suna ta bitar harshen mutanen Sumer na dā, a ƙasar Mesofotamiya, da gumakansu, shafi bayan shafi.

Can cikin dare waya ta yi ƙara. Malam ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai, faɗa mini tsakani da Allah, na sake ɗauko wani ne?"

"A'a Malam, wannan karon shi ne."

"To ina yaron nan mai mota? Ni fa tun ɗazu ina Mesofotamiya."