Kafin ku zuba kuɗinku a bangon wani

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, musamman masu shirin aure da waɗanda aiki ko karatu ya kai su wani gari suka kama haya.

Maganar gyaran gidan haya ce ke tafe da ni, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina ganin yara masu hankali, waɗanda da ƙyar da jiɓin goshi suka haɗa kuɗin hayar shekara da la'adar dillali, sai su kwashe ɗan abin da ya rage su liƙa shi a jikin ginin da ba nasu ba. A yi silin na POP, a manna takardar bango, a fasa daɓe a sa tayil, a jera fitilu masu canza launi. Shekara na zagayowa mai gida ya leƙo, ya ga gidansa ya yi kyau, ya ƙara kuɗi. Ko ya ce ɗansa zai yi aure, yana son gidansa. Ran nan ne za ku gane cewa silin ba ya shiga a-kori-kura, tayil kuma ba ya ɓamɓaruwa lafiya. Kuɗin sun zama na mai gida, kuma bai roƙe ku ba.

Kada ku ɗauka ina cewa ku zauna a kango ne. Son muhalli mai kyau ba laifi ba ne, ya tabbata a hadisi cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau. Mutumin da ya wuni a rana yana fafutuka ya cancanci ya dawo ɗakin da zai sanyaya masa rai. Abin da nake roƙonku shi ne duk abin da za ku kashe wa kuɗi mai nauyi, ku fara tambayar kanku: ranar da zan tashi, wannan zai bi ni? In zai bi ku, ku saya mai ƙarko. In ba zai bi ku ba, ku kashe masa mafi ƙarancin abin da zai wadatar.

Tun kafin a shigo da tsinke, ku zagaya gidan da rana, ku ɗauki hoton kowane lungu da wayarku. Ku duba famfo ko yana yoyo, ku duba soket, ku duba ragar sauro a tagogi, ku ɗaga kai ku ga ko akwai shatar ruwa a silin, ku shafa ƙasan bango ku ji ko yana da danshi. Waɗannan gyare-gyaren haƙƙin mai gida ne. Ku same shi da ladabi ku ce, "Alhaji, ga abin da muka gani, ko dai a gyara kafin mu shiga, ko mu gyara a cire a kuɗin haya." In ya amince, a rubuta, ko da a saƙon waya ne, a kuma ajiye rasit. Rubutu ba rashin yarda ba ne, mantuwa ake gudu, kuma ya fi a zo ana rantse-rantse a gaban mai unguwa bayan shekara biyu. Makulli kuwa ku canza shi da kuɗinku, domin ba ku san hannu nawa tsohon ya bi ba.

Abu ɗaya da na yarda a kashe wa bango kuɗi shi ne fenti, shi ma da izinin mai gida. Ba abin da ke sauya ɗaki da araha kamarsa. Ku zaɓi fari ko ruwan madara ko wani launi mai haske, domin ɗakunan hayarmu yawanci tagoginsu ƙanana ne, kuma katangar maƙwabci ta tare rana. Launi mai duhu yana shanye ɗan hasken da ke shigowa, ɗaki ya ƙara ƙuntata. In ranku na son launi mai ƙarfi, ku ba shi bango ɗaya kawai. Takardar bango kuwa ina ba ku shawarar ku haƙura da ita. A gidan da danshi ke hawa bango da damina, kafin Satumba ta fara kumbura tana ɗagowa daga ƙasa, bayanta ya yi baƙi, kyankyasai su samu maɓoya. Ranar tashi kuma in kun yage ta sai ta taho da fentin mai gida, ku sake biyan wani kuɗin.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna: cika ɗaki da kaya. Mun taso da tunanin cewa ɗakin da ya yi kyau shi ne wanda ba masaka tsinke. Ku ɗauki tef ku auna, lissafin ba wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, in aka sa masa gado mai ƙafa shida-shida, gadon kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin. A ƙara sif mai ƙofa shida, da madubi, da durowa biyu na gefen gado, me ya rage? Wurin shimfiɗa sallaya ma sai an yi dabara. Falon kuma a cusa masa saitin kujeru mai zaman mutum bakwai, da tebur a tsakiya, da kabet na gilashi, har baƙo sai ya karkace zai wuce. Nawa ne a cikinku ke tara baƙi bakwai a lokaci ɗaya in ba ranar suna ba? Ranar sunan ma a ƙasa mata ke zama. Kujera mai zaman uku guda ɗaya mai kyau, da ƙarama ɗaya ko biyu, da darduma da tumtum, sun ishi sabon gida. Filin da kuka bari shi kansa ado ne, kuma kyauta kuka same shi. Shi ne ke sa shara ta yi sauƙi, iska ta zagaya lokacin bazara, yaro in ya zo ya samu wurin rarrafe.

Ku auna ƙofa da lungun shiga ma kafin ku biya kafinta. Sau da yawa an kawo kujera ta ƙi shiga, sai an cire ƙyaure ko an farke ta a tsakar gida.

Sai maganar katako, kuma ina so ku saurare ni sosai a nan. Yawancin gadajen da sif ɗin da ke sheƙi a shagunan bakin titi da allon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. A hoto ba su da na biyu. Amma ruwa na taɓa ƙasansu sai su kumbura, kuma in aka kwance su aka sake ɗaurawa, ramin kusoshin ya buɗe, ba sa komawa daidai. Wanda ke gidan kansa zai iya lallaɓa su shekaru, amma ɗan haya da zai iya tashi sau biyu ko uku kafin Allah Ya hore masa nasa, asara yake saya. Ku nemi kafintan da zai yi muku firam da katako na gaske, irin su maɗaci, ko maƙerin da zai yi muku gadon ƙarfe mai kwancewa. Ba zai yi walƙiya kamar wancan ba, amma zai ga auren 'ya'yanku. Ana yawan ce mana araha ba ta ado, gaskiya ne, sai dai tsada ma ba kullum take nufin inganci ba. Ku ɗaga kujera ku ji nauyinta, ku juya ta ku ga cikinta, ku tambayi irin soson da aka sa.

Kuma kada ku ji kunyar na hannu. Tsohuwar kujera mai firam mai ƙwari, in aka kai wa mai kushin ya sake mata soso da yadi, ta fi sabuwa mara ƙashi. A gidan iyayenku ma wataƙila akwai wadda aka jingine a sito. Sai dai in za ku sayi na hannu ku bincika ɗinki da lungunan katako da kyau saboda kuɗin cizo da gara, ku shanya a rana, ku yi feshi kafin ya kwana a ɗakinku. Katifa kam ku sayi sabuwa, ita ba a yi mata rowa, domin bayanku ne zai biya.

Labule shi ne tufar ɗaki, kuma yana binku duk inda kuka koma. Wanda ke Kano ya shiga Kantin Kwari ya yanki yadi ya kai wa tela, zai fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka ɗinka aka shigo da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk abin da ya tsallako teku kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, don haka duk abin da za a iya yi a gida a yi shi a gida. Dabara biyu zan ba ku. Ku kafa ƙarfen labulen sama can kusa da silin, ba dab da taga ba, ku bar labulen ya sauka har ƙasa, za ku ga ɗakin ya ƙara tsawo. Sannan faɗin yadin ya kai ninki biyu na faɗin tagar ko kusa da haka, don ya yi tattara. Launi biyu ko uku sun isa ɗaki gaba ɗaya, a labule da kujera da zanen gado. In suka wuce haka ido gajiya yake yi.

Fitila ma haka. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, ga mai mitar kati kuwa wannan kuɗi ne a aljihu. Ku sa mai haske fari a kicin, mai ɗan ruwan ɗorawa a ɗakin kwana. Madubi babba guda ɗaya da ke kallon taga yana ƙara hasken rana a ɗaki.

Kafet daga bango zuwa bango kuma ku yi tunani kafin ku shimfiɗa. Ƙurar hunturu in ta shige shi ba ta fita da tsintsiya, mai asma da jariri su ne ke shan wahala. Leda mai kauri da za a goge da tsumma, da ƙaramar darduma a tsakiya wadda za a fitar a kakkaɓe, sun fi lafiya, sun fi araha, kuma ana naɗe su a tafi.

Akwai abin da ke ba ni takaici ƙwarai. Baƙi daga Turai da Amurka suna shiga Kasuwar Kurmi su sayi tumtum na fata, da faifai masu launi, da ƙwarya mai sassaƙa, da tabarmar kaba, su je marinar Ƙofar Mata su sayi yadin da aka rina da baba, su ɗauka har ƙasarsu su ƙawata falo. Mu kuma da muka gaji abin muna ganin ƙauyanci ne, mun fi son furen roba da ke tara ƙura. Ku gwada jera faifai biyar ko shida masu girma daban-daban a farin bango ku gani. Ku yafa luru ko gwado a bayan kujera. Ku sa tsiron alobera ko na'a-na'a a tukunyar ƙasa a bakin taga. Kuɗin da za ku kashe kaɗan ne, kuma aljihun dukawa da masaƙa da marinanmu zai shiga. Sannan ɗakin da aka share, aka goge, aka turara da turaren wuta, ya riga ya yi rabin ado kafin a sa masa komai.

Ba zan rufe ba sai na taɓo bashi, domin shi ne tushen yawancin wannan wahala. Hotunan da kuke gani a Instagram da TikTok, ba ku san na waye ba, ba ku san ko shago ne aka ɗauka ba, ba ku san abin da mai ɗakin ke ciki ba. Kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. Na ga an ci bashin manhajojin waya masu ruwa don a sayi labule da fitila, wata bai cika ba aka fara tura wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci. Ga haramcin riba, ga zubewar girma. Manzon Allah (SAW) ya taɓa dakatawa daga yi wa mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wannan ba abin da za a ɗauka saboda kujera ba ne. In abu ya fi ƙarfinku yau, ku shiga adashe da mutanen da kuka yarda da su, wannan kwasar a yi katifa da gado, ta gaba a yi kujera.

Ƙannena mata, ku ji tausayin iyayenku. A al'adarmu su ne ke yin kayan ɗaki, kuma uba nawa ne ya sayar da gona ko ya shiga bashin da zai shekara yana biya don kada 'yan ganin ɗaki su yi magana? Masu maganar nan kwana ɗaya za su zo, su ci, su tafi. Ke ce za ki iya cewa, "Baba, ɗakin ƙarami ne, wannan ya isa." Wallahi albarkar da zai sa miki ta fi saitin kujeru. In da rarar kuɗi, a saya miki keken ɗinki ko firiza ko abin da zai zame miki jari. Ku kuma samari, ku daina kama gidan da ya fi ƙarfinku sannan ku zuba ido iyayen yarinya su cika shi. Ka kai su su ga gidan tun da wuri, ka ba su awon ɗakunan, ka faɗa musu da bakinka cewa ba ka buƙatar abin da zai takura su.

Gidan kuma amana ne a hannunku har ranar da za ku mayar da makulli. Kada ku huda bango ko'ina da ƙusa, ku yi amfani da maratayi mai gam ga abubuwa marasa nauyi, masu nauyin kuma a huda da injin huda a wuri ɗaya ko biyu. Kwalayen talabijin da firiji ku ninke ku ajiye a saman sif, za ku neme su. In lokacin tashi ya yi, ku toshe ramukan da kuka yi, ku biya kuɗin wuta da na ruwa da ke kanku, ku share gidan tas, sannan ku kira mai gida ku zagaya tare da hotunan ranar da kuka shiga a hannunku.