Tudun Aburi bai san jarumtar baki ba

Kun riga kun ga bidiyon, ba sai na sake ɗora shi nan ba. Samarinmu na Nima da Mamobi a Ankara (Accra) da suka tashi zuwa Aburi a keke, riguna masu ƙyalli, tabarau kamar za su duniyar wata, ga su nan a gindin Ayi Mensah ana cusa kekunansu a bayan trotro, wato motar haya. Ɗaya kuma an shimfiɗe shi a bakin titi kafin Peduase ana yi masa fifita da kwali. Sannunku da aiki, jaruman Zango! Allah ya ƙara lafiya, wannan kuma da gaske nake. Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganganun da suka biyo baya: wai rana ce, wai kekunan ne ba su da kyau, wai wane ba shi da zuciya. Babu ko ɗaya. Sun yi sauri ne tun daga gida, kuma sun ɗauko tafiyar da jikinsu bai taɓa yin rabinta ba. Iyakar maganar ke nan.

Daga Nima zuwa Aburi da dawowa ya haura kilomita 60. Aburi tana kan tudu mai tsayin kusan mita 400, kuma mafi yawan hawan a dunƙule yake daga Ayi Mensah zuwa sama. Mutumin da iyakarsa zagayen unguwa na minti 40 ranar Lahadi, ya tashi rana ɗaya ya ce Aburi, kuma ya fara tsere da abokansa tun daga unguwar Madina don a ga wa ya fi wa. Me kuke so ya faru? Ya isa gindin tudu tankinsa ya riga ya bushe.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki, don wasu sun ɗauka gajiya ragwanci ce. Jiki yana da ma'aji biyu. Akwai sikarin da yake ajiyewa a hanta da tsoka, wannan kaɗan ne, idan kana murza feda da ƙarfi ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Akwai kitse, wanda ko siririn cikinmu yana da abin da zai kai shi nesa ƙwarai, sai dai a hankali yake ƙonewa. Idan kana tafiya a natse, jiki ya fi dogara da kitse, yana tattalin sikari. Da ka fara haki, ya koma kan sikari. Ranar da sikarin ya ƙare a kan hanya za ka sani: ƙafa ta zama ta roba, jiri, zufa mai sanyi, ka ji haushin kowa ba dalili. A nan zuciya ba ta da abin da za ta yi maka.

Saboda haka, ƙannena, a hankali ake gina juriya. A hankali har ka ji kunya. Ga ma'auni da ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan na kusa da kai ya gaishe ka kana kan keke, ka iya amsawa cikakkiya, lafiya lau, ina gajiya, ya mutanen gida, ba tare da numfashi ya katse maka magana ba. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya take fita, ka wuce gona da iri, sassauta. Cikin kowace fita biyar, huɗu su zama a wannan takun. A wannan takun ne zuciya take koyon tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini suke ƙaruwa a tsoka, jiki yake koyon cin kitsensa. Wannan aikin makonni ne, ba ya faruwa a Lahadi guda.

Na san abin da za a ce. "Ni ɗan ƙwallo ne, kullum ina fili." Madalla. Ƙwallo minti 90 ce, ana gudu ana tsayawa, ana shan iska idan ta fita waje. Keke awa uku ne ko huɗu kana zaune a kan abu mai faɗin tafin hannu, wuya a miƙe, baya a sunkuye. Huhunka zai iya, mazaunanka da gwiwarka ba su san da zancen ba. Wani kuma zai ce iyayenmu a arewa suna ɗaukar buhu a keke su yi tafiyar yini ba su san wani horo ba. To su kullum suke hawa, tun suna yara, kuma ka taɓa ganin dattijo mai buhun gero yana tsere? Hujjarka ma tawa ce.

A daina ƙirga kilomita, a ƙirga lokaci. Fita uku a mako ta isa: biyu a tsakiyar mako, minti 45 kowace, sai doguwa guda ranar Asabar ko Lahadi. Doguwar ta fara daga awa ɗaya da kwata. Kowane mako ka ƙara mata minti 10 zuwa 15, kada ka wuce haka ko da kana jin kanka kamar doki. Mako na huɗu ka rage ta kusan rabi, ka bar jiki ya gyara abin da ka rushe, don a lokacin hutu yake ƙara ƙarfi. Wannan makon ragewa shi ne kowa yake tsallakewa, shi ya sa a mako na shida ake jin "gwiwata tana ciwo". Jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi numfashi jinkirin sabawa. Cikin wata uku za ka ga kana yin awa uku a shimfiɗaɗɗiyar hanya ka dawo ka ci gaba da harkokinka. Sai a lokacin ne za a yi zancen Aburi. Kafin nan, ga hawan Legon nan kusa da mu: ka hau na minti huɗu ko biyar, ka gangaro, ka maimaita sau uku, sau ɗaya a mako. Mutanen Kumasi masu shirin gangarawa tafkin Bosomtwe, ku ma da ku nake, don saukar tana da daɗi, fitowar ce ake kiran sunan Allah.

Sai batun giyar keke, wanda ya fi ba ni haushi a bidiyon. Mutum yana kan tudu ya bar sarƙa a kan giya mafi nauyi, ya miƙe tsaye yana jujjuya keke kamar mai kokawa da rago, wai shi namiji. Giya mai sauƙi ba ta mata da yara ba ce, don ita ka biya kuɗin keken. Ka duba agogo, ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama take tasowa cikin daƙiƙa 15. Idan ka samu 20 zuwa 22, kana juyi 80 zuwa 90 a minti ke nan, nan ake so. Idan 12 ka samu, kana niƙa gwiwarka ne, kuma cinya za ta cika da wuta kafin rabin hawa. Ka sauya giya kafin tudu ya kama ka, tun ƙafa tana da sauƙi, don sauyawa kana danna feda da ƙarfi shi ke sa sarƙa ta yi tsalle ko ta tsinke. Sirdi kuma: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan gaban gwiwa ke ciwo, yawanci sirdin ya yi ƙasa. Idan bayanta ne, ya yi sama. Ka gyara da kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda.

Abinci. An ce wasu cikinsu ba su karya ba, wai don su yi sauƙi. Wasu kuma sun narki waakye (shinkafa da wake) da taliya da ƙwai da wele minti goma kafin tashi. Duka biyun ɓata ne. Koko da ƙosai biyu ko burodi, awa ɗaya zuwa biyu kafin fita, ya wadatar. Idan tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi, ka fara ci a kan hanya tun minti 45, kafin ka ji yunwa. Abin da ake nema giram 30 zuwa 60 na sikari ko sitaci a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da kamar giram 25, don haka ayaba ɗaya da dabino uku ko huɗu sun rufe maka awa guda. Waakyen ka bar shi sai ka dawo, a nan ne yake da amfani, cikin awa ɗaya da sauka.

Ruwa kuma, ledar piya wata rabin lita ce. Leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace awa, kurɓi-kurɓi duk bayan minti 15. Iskar Ankara tana da laima, zufa ba ta bushewa da wuri, jiki yana ta zubar da ruwa ba ya samun sanyi yadda ya kamata. Lokacin hunturu kuma ta bushe nan take, ka ɗauka ba ka yi zufa ba. Gishiri yana fita tare da ita, shi ne farin da kuke gani a jikin riga. A gora guda ta lita ɗaya ka zuba ƙaramin cokali shida na sikari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ɗaya gorar kuma ruwa zalla. Mai son sanin nasa lissafin ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, kamar lita ɗaya ce ta ruwa da bai mayar ba. Kuma a fita bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, a gama hawa kafin ƙarfe tara. Wanda ya tashi daga Nima ƙarfe takwas saboda jiran mai ɗaukar hoto, shi ya zaɓi ranar da ta dake shi.

Yanzu ba wasa nake ba. Akwai masu raɗa cewa tramol yana ƙara juriya. Ƙarya ne. Yana rufe maka jin ciwo ne kawai, alhali ciwon nan saƙo ne. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana iya jawo farfaɗiya, kuma kai kana gangaro Peduase da gudu tsakanin motoci. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta bi sahu a 2024. Idan kuma ɗan'uwanku ya fara magana ba kan gado, ko amai, ko tangaɗi, ko ciwon kai mai tsanani a cikin rana, ku sauke shi, ku kai shi inuwa, ku kwara masa ruwa a jiki, ku nemi mota zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Ina roƙonku don Allah, iyayen yaran nan amana suka ba ku. Babba a tafiya shi ne wanda yake bayan kowa yana lura da mai rauni, kuma gudun ayari gudun mafi rauninsa ne.

Af, tunda na ambaci asuba. Masu fita da duhu-duhu da baƙar riga, ba fitila gaba ba fitila baya, a jere uku-uku a kan titin Madina zuwa Adenta, kun manta abin da ya sa mutanen Adenta suka tare wannan titin a 2018? Masu tafiya a ƙasa motoci suke ta kaɗewa. Direban trotro da yake hangen fasinja a bakin hanya ba kai yake kallo ba. Jar fitilar baya ba ta kai kuɗin tabarau ɗin nan naku ba. Hular kwano kuma a kai ake sa ta, a ɗaure igiyar, ba a rataye ta a hannun keke. Sannan ledojin ruwan da kuke watsarwa a hanyar Peduase, aljihun bayan rigar nan da kuka saya da tsada don me aka ɗinka shi? Kuma don Allah a daina kai tayar keken tsere wurin mai facin mota ya hura da injin ba ma'auni, a sayi famfo mai agogo ko da karo-karo ne, a ajiye shi a shagon mutum ɗaya a unguwa.