Kilomita 2 Daga Zauren Surukina

Waɗanda suka riga suka ji labarin nan daga bakin Hedimasta, don Allah ku zauna ku ji daga bakin mai shi, domin mutumin nan ya zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin miya.

Ƙanwar madam ce za ta cike fom ɗin jami'a. Baba ya ce me zai sa a kai kuɗi shagon kwamfuta a Samaru alhali ga surukinsa injiniya. Kun san ni ba injiniya ba ne, tayal nake sayarwa a Sabon Gari, amma tun ranar da na buɗe masa WhatsApp sunan ya bi ni, ni kuma ban taɓa musawa ba. Ranar Asabar na saɓa laftof, na hau mashin, PZ, Tudun Wada, Ƙofar Doka, ana sallame la'asar ina bakin zaure.

Na zaci Baba kaɗai zan tarar. Ashe majalisa ce cike: Baba, aminansa biyu, Liman, sai Hedimasta a kan kujerarsa ta roba da yake zuwa da ita daga gida saboda wai tabarma na taɓa masa gwiwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce, "Injiniya matso nan kusa, su ma su ga yadda ake yi." Aka kawo 'yar kujera aka ɗora laftof, fuskarta na kallon dattawa, ni ina gefe a tsugune kamar mai kiwon kaji.

Na kunna data a waya, na haɗa da laftof, na buɗe Chrome.

Tin!

Can ƙasa ta hannun dama wani ɗan akwati ya leƙo, wai kwamfutata ta kamu da bairos 5. Na yi murmushin manya na ce, "Baba waɗannan 'yan damfara ne, ba a kula su." Baba ya gyaɗa kai, ya dubi Liman, irin kallon nan na kun ga surukina. Wallahi da a nan abin ya tsaya da na fita da daraja.

Tin! Wai na ci iPhone. Tin! Wai wani magani na rage tumbi cikin kwana 7. Ɗaya daga cikin aminan Baba ya ce a tsaya ya gani. Ban tsaya ba.

Tin!

Na huɗun nan hoto ne. Wata baiwar Allah ce, Baturiya, wadda in aka tattara duk kayan jikinta ba za su ɗinka hular Baba ba. Ga rubutu a ƙasa. A zauren nan mutum biyu ne kawai ke karanta Turanci da sauri, ni da Hedimasta, kuma na ga lokacin da hannunsa ya tafi aljihun gaba. Na ga fitowar gilashin. Na ga ya hura masa iska ya goge da bakin riga, a natse, kamar wanda aka ba shi takardar gado ya karanta. Duk wannan lokacin yatsana yana kan laftof ina neman ɗan kuros ɗin rufewa, hannuna na rawa, kibiyar tana yawo ko'ina ban da inda nake so.

Ya karanta da ƙarfi, da Turancin nan nasa na zamanin elementare mai fitar da kowane harafi. Sannan ya juya ga jama'a, don kada a bar kowa a baya, ya fassara: "Wai tana zaune ita kaɗai, kaɗaici ya dame ta, kuma tana nan kilomita 2 daga inda injiniya yake."

Liman ya ce a'uzu billahi.

Ni kuwa na samu na danna. Sai dai ba kuros ɗin na danna ba, cikin hoton na danna. Abin da yake ɗan akwati kamar na ashana ya buɗe ya cika fuskar laftof gaba ɗaya, har da kiɗa. Na kifa murfin da ƙarfi. Kiɗan bai tsaya nan take ba, ya ƙara 'yan daƙiƙu yana fita daga cikin rufaffiyar laftof, kuma ina rantsuwa waɗannan daƙiƙun sun fi zaman jiran layin mai tsawo.

Shiru. Ba ka jin komai sai ƙarar carbin Baba, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya.

Sai Hedimasta ya cire gilashi ya dubi rufin zaure yana lissafi. "Kilomita 2 daga nan... to Tudun Wada ke nan. Ko Gyallesu. In ta wajen Kongo ne ma zai yi." Ya juyo gare ni. "Ba ta nan ka biyo ba?"

Bari in faɗa muku wani abu game da mutumin nan, tunda shi ya zaɓi yawo da ni. Shi ne ranar ɗaurin aurena ya ɗauki katin gayyata ya zagaye kuskure biyu da jan biro ya miƙo min a gaban abokaina. Kowa a unguwar ya san ɗan wansa ya so a ba madam, wanda yanzu yake Kaduna yana gyaran janareta, kuma har gobe bai yafe min ba. Bara ya zo shagona ya ɗauki katan 3 na tayal zai gyara banɗaki, ya ce in an biya fansho. An biya fansho. An sake biya. Na ga sabuwar kujerar roba, na ga sabon gilashi, wato gilashin da ya karanta ni da shi ma ina zargin kuɗin tayal ɗina ne. Kuma mutumin da ke cewa idonsa ba ya ganin lambar waya in na tura masa lambar asusu, shi ne ya hango rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero daga kan kujera.

Na fara bayani. Na ce Baba talla ce, haka intanet take, kowa ana turo masa. Hedimasta ya ce shi dai ba a taɓa turo masa ba. Wayarsa mai tocila ce! Amma wa zai tsaya jayayya a zauren surukai. Baba bai ɗago ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya shirya mu baki ɗaya. Shiga ka gaida Hajiya." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daren nan ban yi barci ba. Na goge tarihin duk shafukan da na taɓa shiga. Tin! Baiwar Allah ta dawo, har yanzu tana kilomita 2, alhali na koma Sabon Gari. Zuciya ta ɗebe ni na shiga saitin tsaro na bi duk abin da ke kunne ina kashewa. Na kashe JavaScript, wato abin da ke sa shafuka aiki, na hana hotuna, na share kukis, wato 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a kwamfuta, kaf tun daga ranar da aka sayi laftof. Na kwanta ina jin kaina kamar wanda ya kewaye gida da ganuwar Zazzau.

Da safe ba abin da ke buɗewa. Shafin fom fari fat. Imel ya fitar da ni yana neman kalmar sirri, wadda rabona da rubuta ta tun ina saurayi. Na ce na manta, ya ce ya tura lamba zuwa layina, wato tsohon layin nan da ya faɗa kwata a Kwangila.

Ƙanwar madam ta zo da hantsi, tun daga ƙofa take dariya. Ta karɓi laftof ta danna ɗigo ukun nan na sama, ta shiga saiti, ɓangaren sirri da tsaro, saitin shafuka, sanarwa. Sai ga jerin shafukan da aka ba izinin turo saƙo, guda 31. Ta ce, "Yaya, ai ba kutse aka yi maka ba, kai ka buɗe musu ƙofa da hannunka." Ta fara karanto sunayen da ƙarfi, madam na tsaye da ludayi. Allah ya taimake ni kusan duka na kallon ƙwallo kyauta ne. Nan na tuna daren wasan Arsenal da wani shafi ya ce in danna maɓallin yarda don in tabbatar ni ba mutum-mutumi ba ne. Na danna, na tabbatar, har sau 31.

Cikin minti biyar ta cire su duka, ta hana kowane shafi sake neman izinin. Ta mayar da JavaScript tana cewa wannan ai kamar ka cire injin mota ne don gudun ɓarawo. Kukis kuma ta ce na wasu kamfanonin talla da ke bin mutum daga shafi zuwa shafi ake toshewa, ba waɗanda ke riƙe maka shiga imel ba. Ta nuna min matakan kariya uku da Chrome ke da su, ta ɗora ni a na sama, wanda ke gargaɗi kafin ka faɗa shafin damfara, ta kunna wanda ke tsayar da kai in shafi ba shi da https. Na ce to daga yau sai in riƙa shiga ta ɓoyayyen shafin nan mai hula da gilashi. Ta ce wannan a kan laftof kawai yake hana ajiye tarihi, masu ba ka intanet suna ganin inda ka je. Batun kilomita 2 kuwa, ta ce ƙarya ce, wanda ke Kano ma haka ake rubuta masa.

Na ce ta je ta maimaita wannan jimlar ta ƙarshe a zauren Baba. Ta ce sai na saya mata data.

Fom dai a Samaru aka cike shi, don imel ɗin nawa sai bayan kwana huɗu ya dawo. Baba yanzu "mai tayal" yake ce min. Ranar Juma'a na haɗu da Hedimasta a bakin masallaci, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya sunkuyo ya ce, "Ta iso kuwa?"

Ban ma samu na yi masa maganar katan ukun ba.