Ba kalkulas ne ya kayar da yaran nan ba

Tun shekaranjiya da aka manna sakamakon lissafin 'yan aji ɗaya na jami'a, kowa ya zama farfesa a Facebook. An ce malamin mugu ne, an ce ba ya son ci gaban 'ya'yan talakawa, har wasu sun fara tara sa hannu domin a roƙi shugaban sashe ya ƙara wa kowa maki goma. Madalla da wannan hikima. A ƙara goma, a ƙara ashirin ma, tunda maki ya koma tumatir da ake yi wa gyara bayan an gama ciniki. Sai dai kafin a kai takardar, ina roƙon masu sa hannun su karɓi littafin ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi su buɗe, domin ni na buɗe, kuma abin da na gani ba shi da alaƙa da halin malami.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka samu F a MTH 102, wato kwas ɗin kalkulas ɗin nan. Ya zo mini da dare ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, wallahi mutumin nan da gangan ya yi mana." Ban yi masa musu ba. Na ɗauko takarda na rubuta masa tambayar da kowane littafin kalkulas yake farawa da irinta: x² − 9 a raba da x − 3, me yake kusanta idan x ta matso kusa da 3? Ya san cewa idan aka saka 3 kai tsaye sifili ne zai hau kan sifili, ya kuma san cewa akwai abin da ake sokewa. Sai ya soke x ta sama da x ta ƙasa, ya raba 9 da 3, ya miƙo mini. Bai ga cewa x² − 9 daidai take da (x − 3)(x + 3) ba, wanda da ya gani, amsar 6 za ta faɗo masa a layi na biyu. Wannan aikin 'yan sakandare ne, ba na jami'a ba. Na sauko ƙasa na ce masa, to rabi a tara da sulusi nawa ke nan? Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce 2/5. Na tambaye shi yadda aka yi mutum yana da rabin buhu, aka ƙara masa sulusin buhu, ya wayi gari da abin da bai kai rabi ba. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don yaron nan yana da B3 a lissafin WAEC.

Abin da nake so a fahimta ke nan, kuma zan maimaita shi har a gaji da ni: aljabara ce ta kayar da su. Kalkulas kansa, a matakin aji ɗaya, tambayoyi biyu ne kacal. Ta farko ita ce saurin da abu yake canzawa a daidai wani lokaci, kamar abin da allurar gudun mota take nunawa a daƙiƙar da ka kalle ta. Ta biyu ita ce yadda za a yanka abu mai karkataccen gefe zuwa siraran yankuna, a tara su a samu girmansa, kamar gonar da rafi ya yi wa iyaka. Dokar da ta ce x³ tana ba da 3x² kuwa, ɗan firamare zai haddace ta kafin shayi ya huce. A tambaya mai layi goma, layi ɗaya ne kalkulas, tara ɗin da suka rage buɗe baka ne, haɗa kaso ne, kula da alamar ɗebewa ne, da sanin cewa (a + b)² ba a² + b² ba ce. A waɗannan taran ake zubewa, sannan a fito a ɗora wa layi ɗayan laifi saboda shi ne yake da suna mai ban tsoro.

Ko tarihin fannin ma haka ya jero. Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa, wanda daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta fito, a Bagadaza wajen shekarar 820, Leibniz kuma bai buga aikinsa na kalkulas ba sai 1684, a zamanin da Newton yake nasa a Ingila. Fiye da shekara ɗari takwas ke nan tsakanin matakin farko da na biyu. Mu kuma muna son yaron da bai taka na farko ba ya dira a kan na biyu cikin zangon karatu ɗaya, idan ya faɗo mu ce tsani ne yake da mugunta.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Za a ce ɗakin lacca ya cika ya batse, na baya ba sa jin malami, lasifikar ta lalace tun bara. Za a tuna mini yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas, da yadda aka riƙa matse zanguna bayansa. Duk gaskiya ne, kuma ba yau na fara kuka da su ba. Amma lasifika ba ta koya wa mutum tara rabi da sulusi, kuma da za a zaunar da yaron nan a kujerar gaba, shi kaɗai da malamin, a ɗaki mai sanyi, 2/5 ɗin nan tana nan inda take. Masu cewa me mai karatun haɗa magunguna ko tattalin arziki zai yi da kalkulas kuwa, su tambayi wanda yake lissafin yadda magani ke raguwa a jini awa bayan awa. Ba zan tsaya a nan ba, don ba ita ce maganar ba.

Yanzu bari in ajiye zolaya. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, cutarsu aka yi, kuma da hannunmu a ciki. Mun san makarantun da ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, mun san iyayen da suke biyan kuɗin, wasu ma suna cikin masu zagin malamin yau. Mun san azuzuwan da malamin wani fanni yake riƙe da lissafi don babu mai yi, yana karanta wa yara ƙa'ida su haddace kamar waƙa, ba tare da an taɓa tambayarsu me ya sa ba. Yaro ya yi shekara shida ana ce masa ya iya, ranar da ya shiga jami'a aka fara gaya masa gaskiya, kuma da jan biro aka gaya masa. Dole ya ji zafi. Maki goma na kyauta ƙarin shekara ɗaya ce ta wannan ƙaryar, domin a aji biyu lissafin da ke jiransa ya fi wannan nauyi, kuma a kan aljabarar nan dai yake zaune.

Abin da ya kamata masu sa hannu su nema shi ne a yi wa kowane sabon ɗalibi gwajin aljabara a makon farko, gwajin da ba ya shiga sakamako, wanda ya gaza a buɗe masa ajin gyara ba tare da an kunyata shi ba. Kafin a yi hakan, na ba ɗan ƙanwata littafin lissafin JSS 3, na ce tambaya goma kullum bayan sallar asuba, da biro, ba da waya ba. Ya karɓa yana waige kada ƙannensa su gani.

Wani abu ma da ya tsaya mini a rai: kaso mai yawa na littafin Alkhawarizmi a kan wasiyya da rabon gado yake. Akwai dattijon malami a unguwarmu da bai taɓa shiga ajin boko ba, na taɓa ganinsa yana raba gadon mamacin da ya bar mata, iyaye biyu da 'ya'ya mata biyu. Sumuni, sudusi biyu, sulusi biyu, ya mayar da su kan 24, ya ga rabon ya haura zuwa 27, ya yi auli, wato ya mayar da rabon kan 27, duk da yatsa a kan tabarma. Da na ce masa a boko LCM muke kiran wannan 24 ɗin, sai ya ce in maimaita, ya gwada faɗa sau biyu, sannan ya ce shi dai asalin mas'ala ya sani.