Rufi kafin tayil: ra'ayina kan kasafin ginin gida a Bauchi

Duk wanda ya zauna a Bauchi ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, gidaje da yawa kan koma wurin ajiye kaya, domin mutanen gidan a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma su kwana. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, sau da yawa gidan da aka kashe wa miliyoyi ne ya fi gasa mutanensa, alhali ɗakin soron da kakanninmu suka gina da tubali da azara yana nan da sanyinsa da tsakar rana. Ra'ayina shi ne, kuskuren yana faruwa ne tun ranar da aka zauna rubuta kasafi, domin muna lissafa kuɗin gina gida amma ba ma lissafa kuɗin zama a cikinsa.

Da na tashi gina nawa, na kai wa yayana takardar kasafin domin ya duba, tunda ya riga ni gini. Ya duba ya ce, "Ƙanena, ina kuɗin dogon rufi? Ai da rufi ake gane gidan mutum tun daga bakin titi." Shi nasa gidan rufinsa ya kusa kai tsayin bangon, an yi shi da kwano mai duhun launi, ga tayil har jikin katanga. Amma na sha shiga falonsa bayan la'asar, na tarar fanka tana juyawa tana watsa iska mai ɗumi kamar ta bakin murhu, saboda kwano mai duhu yana shan rana yini guda, babu wata kafa a saman da zafin zai fita, sai ya taru tsakanin kwano da silin ya sauko kan mutane da daddare. Ban yi masa musu ba, don babba ne, amma ban bi shawararsa ba.

Abu na farko da na yi bai ci mini ko kwabo ba, wato zaɓen inda gidan zai fuskanta. Rana tana bugun bangon gabas da safe, ta bugi na yamma da yamma, kuma na yamman ne mugu, domin yana riƙe zafi har bayan isha'i. Saboda haka na sa dogayen bangwaye suka kalli arewa da kudu, aka tura banɗaki da ɗakin ajiya ɓangaren yamma su tare wa ɗakunan kwana rana. Birkilan da ya yi mini aiki ya tsaya yana kallon igiyar da aka ja, ya ce, "Yallaɓai, mutane za su ce gidan ya ba titi baya." Na ce masa, "Malam, mutanen ba su ne za su kwana a ciki ba." Haka kuma kowane ɗaki na sa an buɗe masa taga biyu a bango daban-daban domin iska ta shiga ta fita, tare da ƙananan kafofi a can sama kusa da silin, inda iska mai zafi ke taruwa.

A kan rufi na zuba kuɗin da wasu ke zubawa a ƙofar gida. Na zaɓi kwano mai hasken launi, na sa aka shimfiɗa takardar alminiyon mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa, aka bar kafofin iska a kusurwoyin rufin da raga don kada jemagu da tsuntsaye su shiga, sannan aka fito da bakin rufin sosai ya yi wa bango inuwa. A nan dole a yi hattara, domin hadarin farkon damina a yankinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma rufin da ya fito waje ba tare da an ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin linta ba, iska ɗaya ce za ta yaye shi. Kafinta mai arha a wannan wurin tsada ne.

Batun bango shi ne inda na fi jayayya da mutane. Mun ɗauki bulon siminti tamkar shi kaɗai ne gini, duk da cewa ko da masana'antar siminti ta Ashaka tana nan makwabciyarmu a jihar Gombe, hakan bai hana buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ba. Da farashi ya tashi, sai wasu masu buga bulo suka rage siminti suka ƙara yashi, har ka ɗauki bulo ya ruguje a hannunka kafin ya isa kan bango. Na rasa kusan rabin lodi ɗaya ta haka, daga baya na koma sayen simintina ana buga mini a fili ina tsaye. Akwai kuma bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a gauraya shi da siminti kaɗan, wanda yake jinkirta shigar zafi fiye da bulo mai rami. Mai shakkar ƙarkon ƙasa ya je Kafin Madaki ya ga Gidan Madaki da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19. Sharaɗin ƙasa dai shi ne a kare ta daga ruwa, a ɗaga harsashi da kankare a ƙasa, a ba ta rufi mai faɗi a sama. Ban samu ƙwararren mai injin matse bulon ƙasa a lokacin ba, don haka na yi bangon waje da bulon siminti inci tara, na ciki da inci shida, kuma har yau ina jin da na ƙara haƙuri na neme shi.

Ga lissafin da ya kamata ya shiga kasafi tun farko. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware za su fi samun wuta a kullum. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kusan wat 750, wato yunit shida a daren awa takwas, wanda a wancan farashin ya kama naira 1,350 a dare, sama da naira 40,000 a wata, a ɗaki ɗaya kawai. Fankar sama kuwa wat 70 ko kusa da haka take ja. In wutar JED, kamfanin da ke rarraba mana lantarki, ta ɗauke aka koma janareta, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Gidan da fanka ta ishe shi, ƙaramar sola da batir ɗaya ko biyu za su riƙe shi. Gidan da sai da na'urar sanyaya ɗaki ake iya barci a cikinsa, solarsa kaɗai na iya cin kuɗin ɗaki guda.

Shi ya sa na jinkirta tayil da adon silin, muka tare a kan daɓen siminti, amma na sa aka ja wayoyin sola daban tun kafin filasta don kada a zo ana fasa bango daga baya. Na kuma ware kashi goma cikin ɗari na kasafin saboda tashin farashi, kuma bai ishe ni ba. Uwargida ta yi ƙorafin daɓen na wata biyu, har zuwa ranar da matar yayana ta zo da rana tsaka cikin watan Afrilu, ta zauna a falo ta ɗaga kai tana neman inda muka maƙala na'urar sanyaya ɗaki. Darbejiya biyun da na dasa a yammacin gidan ranar da aka haƙa harsashi, yanzu inuwarsu ta fara taɓa tagar ɗakin yara.