Heygate: Kafin Ƙaramar Hukuma Ta Rushe Gidajen Haya, Ta Fara Ƙirga Na Talaka

An kammala rukunin gidajen Heygate a 1974, a unguwar Elephant and Castle da ke ƙaramar hukumar Southwark, kudancin Landan. Gidaje 1,200 da 'yan kai ne, mutum kusan 3,000 ke ciki, galibinsu masu biyan hayar gwamnati mai rahusa. Tsakanin 2011 da 2014 aka rushe shi kaf. Yau sabon rukunin gidaje mai suna Elephant Park ne a filin, gidaje sama da 2,500, amma masu irin waccan haya ba su kai 100 ba. Wannan ba gyaran unguwa ba ne, sauya mata mazauna aka yi.

A 2010 hukumar ta ƙulla yarjejeniyar sayar da filin ga kamfanin gine-gine na Lendlease a kan fam miliyan 50, alhali kwashe mutanen da sayen gidajen masu mallaka ya ci mata kusan miliyan 44. Ƙa'idarta ita ce kashi 35 cikin 100 na sabbin gidaje su zama masu sauƙin kuɗi. Kamfanin ya kawo takardar lissafi cewa hakan ba zai fitar da riba ba, aka sauko zuwa 25. Sai da aka yi ta shari'a kafin jama'a su ga takardar. Ita kanta kalmar "sauƙin kuɗi" a dokar Ingila tana iya nufin haya har kashi 80 na farashin kasuwa, abin da direban bas mai iyali ba zai iya ba a tsakiyar Landan.

Me ke kai kansiloli ga irin wannan ciniki? Doka ta wajabta musu daidaita kasafi kafin 11 ga Maris kowace shekara, kuma ba su da ikon ƙara harajin gida ya kai kashi 5 sai da ƙuri'ar jama'a. Tsarin raya gari kuwa na shekara 15 ne. Idan aka zauna teburi ɗaya, giɓin bana ne ke rinjaye.

Asusun gidajen hayar ƙaramar hukuma a keɓe yake daga babban kasafinta. Daga kuɗin hayar ake gyaran rufi, lif da na'urar ɗumama ɗaki. Daga 2016 gwamnatin tsakiya ta tilasta rage hayar da kashi 1 duk shekara har shekara huɗu, kuma sai a 2018 ta cire iyakar bashin da asusun zai iya ci. Ga harajin VAT: ɗan kwangilar da ke gyaran tsohon gini yana sa kashi 20, sabon gida kuwa babu. Gyara ya yi ta jinkiri, bango ya kama danshi, lif ya tsaya, sai a ce gini ya gaji.

Asarar ba ta ɓacewa, aljihu take sauyawa. Iyalin da suka rasa gida, doka ta ɗora wa hukuma ta ba su masaukin wucin gadi, kuma daga babban kasafi ake biya, inda kuɗin kula da tsofaffi da yara yake. A 2024 ƙananan hukumomin Landan na kashe kusan fam miliyan 4 kullum a kan haka.

Hukuma ta zama magini da kanta ma akwai haɗari. Ƙaramar hukumar Croydon a Landan ta ranta wa kamfaninta na gine-gine, Brick by Brick, kusan fam miliyan 200, a Nuwamban 2020 ta sanar cewa kasafinta ya gagara daidaituwa.

Tun 2018 magajin garin Landan Sadiq Khan ya sharɗanta cewa babban aikin rusau da ke neman tallafin ofishinsa sai mazauna sun amince da ƙuri'a. Matakin ya yi, amma bai isa ba. A rubuta yawan gidajen hayar gwamnati da lamba cikin yarjejeniya, tare da yawan ɗakunan kowanne, don kada a maye gida mai ɗaki uku da mai ɗaki ɗaya. A gina kashin farko na sabbin gidajen kafin a taɓa tsohon gini, yadda iyali za su tashi sau ɗaya tak, yara ba su bar makarantarsu ba. A ba da hayar filin maimakon sayarwa, sannan a sake duba lissafin ribar kamfani a ƙarshen kowane kashi, abin da ya haura a mayar da shi gidajen haya.