A daina bin gaɓar kogin Haɗeja da tsohon sani bayan ambaliya

Na kalli bidiyon wasu samari da suka yi tattaki a gaɓar kogin Haɗeja suka nufi dajin Baturiya da ke Jigawa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, musamman a daidai inda ƙasa ta zabtare a ƙarƙashin ƙafar ɗayansu ya nutse a taɓo har cinya, sauran suna ta ɗaukarsa a waya. Abin da ya fi damuna shi ne wani masunci ya tsayar da su tun a bakin gari, ya gaya musu ruwa ya cinye hanyar, suka ce ai bara ma ta nan suka bi.

Hanyar bara ba ita ce hanyar bana ba. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san idan ruwa ya yi toroƙo ya janye, yakan bar saman gaɓa da ciyawarsa kamar babu abin da ya faru, alhali ya rarake ƙarƙashinta, mutum yana takawa sai ta rufta da shi. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala, na bi wata hanya da na sani tun ina yaro, sai na tarar da bagaruwar da muke hutawa a inuwarta ta kwanta cikin ruwa, saiwoyinta a waje, hanyar kuma ta yanke a bakin wani rami da babu shi a da. Da ba don wani dattijo da ya ƙwalla mini kira daga cikin kwalekwale ya ce, “Yaro, koma ta tudu,” ba, da na faɗa.

Wasu da suka kalli bidiyon sun rubuta cewa motsa jiki ne, kada a kashe wa matasa gwiwa. Ni ma ina son tattakin, kuma ina murna da ganin 'yan birni sun fara waiwayar dausayin Haɗeja da Nguru, wanda tsuntsaye ke ƙaura zuwa cikinsa tun daga Turai. Amma wannan ba ya mayar da rarakakkiyar gaɓa ta zama hanya. Masu cewa komai sai da ajali kuwa, ban ga abin da zan tsaya ja da su a kai ba, domin addini bai hana tambaya ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Zabtarewar ƙasa ma ba ita kaɗai ba ce. Tarin karmami da itatuwan da ruwa ya jibge a gindin bishiyoyi maɓoyar macizai ce, kududdufan da suka rage kuma a cikinsu ake ɗaukar tsargiya, ga samarin nan sun tuɓe takalma suna ratsawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke zuba cikin kogin Haɗeja, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta toshe magudanai da dama, ruwa yakan ɓalle ta inda ba a zata ba. Masunta da makiyayan da ke kwana a wurin su ne suka san inda ya bi a bana. A jira ƙasa ta tsane, a yi wa sarkin ruwa ko mai unguwa sallama, a ɗauki ɗan gari ya shiga gaba, a biya shi hakkinsa.

A ƙarshen bidiyon na hangi kututturan bagaruwa guda huɗu a bakin ruwa, da sabon saran gatari a jikinsu. Saiwoyin bishiyoyin nan ne ke riƙe gaɓar da ake takawa, kuma ina roƙon duk wanda zai sake zuwa ya ɗauko mana hotonsu da kyau, mu kai wa hakimi.